Haruffa Biyu, Ƙarya Buhu Guda

Duk cikin kayan da Turawan Ingila suka bar mana a 1960, babu wanda muka mora kamar "on". Layin dogo ya yi tsatsa, gidan waya ya zama kufai, amma wannan 'yar kalma tana nan tana aiki dare da rana, ba ta taɓa shiga yajin aiki ba.

A firamare malam ya ce mana ma'anarta "a kan". Littafi yana kan tebur, a tafa masa. Ashe malam kunnen ya nuna mana, jikin yana baya. Bature yana liƙa ta ga hoton bango, da zoben yatsa, da ranar Litinin, da mai magana a rediyo, da ma'aikacin da ya tafi hutu, har da gidan da gobara ta kama. A wurinmu hoto a jikin bango yake, Litinin ba ta neman ɗan rakiya, gida kuma wuta ce ke cin sa, ba shi ne ya hau kanta ba. Inda ya fi ba ni dariya shi ne mota. In ya shiga bas ya zauna daram a kujera, sai ya ce yana "on". In ƙaramar mota ce, ya ce "in". Da zai tsaya a bakin titin Zariya ya ga yaran mota a saman buhunan albasa, ƙafa na reto, rawani ya rufe hanci saboda ƙura, da ya san masu kalmar na asali.

Maƙwabtansa ma ba su bi shi ba. Bafaranshe yana ajiye littafi "sur" tebur, amma a bas yana "dans", a hanya yana "en", Litinin kuma ya faɗe ta tsurarta. Tambayi duk wanda ya yi lakwal a Maraɗi. Bajamushe ya raba gida biyu: abin da ya zauna a bisa wani abu "auf", wanda ke rataye a bango "an". Mutanen Holan suka ƙara na uku, kofi a tebur "op", hoto a bango "aan", zobe da ya zagaye yatsa "om". A 1991 masu bincike Soonja Choi da Melissa Bowerman sun nuna cewa yaran Koriya tun suna ƙanana ba ciki ko sama suke dubawa ba, matsewa suke dubawa: zobe a yatsa da kaset a gidansa aikatau ɗaya ne, "kkita", tunda duk sun shiga cif. Mutanen Sifen kuwa sun fi Bature son jiki, "en" ɗaya ta ishe su ciki da sama. Ina zargin muna da dangantaka da su.

To, su can rigimar nahawu suke yi. Mu nan da muka lura kalmar ba ta da takamaiman adireshi, sai muka ɗauke ta aikin rufin asiri.

Kira abokinka da kuka yi alkawarin ƙarfe huɗu, ga shi biyar ta gota. "Wallahi ina on di we." Kasa kunne da kyau, za ka ji ƙarar bokiti, ga uwargida daga nesa tana tambayar ko a ƙara masa ruwan zafi. Ba wai Hausa ba ta da "ina kan hanya" ba ne. Tana da ita, amma tana da nauyi a baki, kuma mai sauraro na iya cewa "wace hanyar, ka wuce gadar?" Ƙaryar da aka yi da Turanci kuwa, a lissafin mutanenmu, mala'iku ba sa rubuta ta da babban baƙi.

Tela ma ya waye. Ana jibi Sallah, shaddarka na nan a leda yadda ka kawo ta, ko alli bai taɓa ta ba, amma aikin "yana on goyin, Alhaji". Daga wurin 'yan kwangila ya koya.

Sarkinsu duka yana ofis: "Oga ba ya on sit." Wannan ko a Landan ba su san ta ba, ƙirar gida ce. Ka leƙa ta ƙofa, ga hula a tebur, ga tabarau a kan fayil, fanka na juyawa, shayi ya yi sanyi har ƙuda ya faɗa. Kayan oga duk sun zo aiki. Masinja ba zai ce ya fita ba, ba zai ce bai zo ba, don kowanne yana da tambayar da ke bin sa. Ya dai gaya maka inda oga ba ya, sauran duniya kuma kai ka nema. In abu ya ɓaci a gari, kakakin hukuma ya fito ya ce suna "on tof" na lamarin, sai na yi kwaɗayin a ce akwai Bajamushe cikin 'yan jarida, ya ɗaga hannu ya tambaya: ranka ya daɗe, zaune kuke a kai ko rataye?

Har aikatau muka mayar da ita. "Kunna" na nan da ranta da lafiyarta, amma sai ka ji hajiya na cewa yaro ya je ya yi onin ɗin janareto, in an kawo wuta ya yi ofin.

Wuri ɗaya ne kalmar ta juya mana baya, wato WhatsApp. Wanda kake bi bashi ya ce maka yana asibiti, waya ma ba ta hannunsa, ga shi ƙarfe biyun dare ƙasan sunansa na nuna onlayin. Ka rubuta "Salamu alaikum", ya ɓace. Da safe ka tare shi a wurin mai shayi, ya kurɓa, ya dube ka ido cikin ido ya ce yara ne ke wasa da wayar.