Bawana Bafulatani Zai Hau Jirgin Landan

Jauro, bawana, labari ya iso Maiduguri cewa za ka Ingila ganin ɗanka, har uwargida ta kwana tana dama fura. To, saurari ubangidanka Babarbare tun kafin ka ba mu kunya a filin jirgin Abuja.

Goran nonon nan dai ajiye shi a ruga. Masu bincike ba sa barin a shiga jirgi da abu mai ruwa a mazubin da ya wuce mililita 100, abin da ko maƙogwaronka ba zai jiƙa ba. Kindirmo da man shanu duk a bakin ƙofa za su tsaya, kana ji kana gani. Kada kuma ka ce za ka ɓoye su a akwati, don Ingila ta hana shiga da madara da nama daga ƙasashe irin namu. Kilishin ma sai ka cinye shi tas kafin a sauka.

Ɗanwake da alala kuwa, ka yi musu sallama tun jajibiri. Idan jirgi ya lula sama, iskar da ke cikin mutum kumbura take yi, ga shi tafiyar ta fi awa shida, kuma taga ba ta buɗuwa. Ka tausaya wa maƙwabcinka na kujera.

Guzurin kirki shi ne busasshe mara ƙarfin wari: dabino, gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli da ɗan alkaki. Iskar jirgi a bushe take, tana dushe ɗanɗano tana kawo ƙishi, saboda haka duk lokacin da aka zagayo da ruwa ka karɓa. Ka sa yaron ya nema maka abincin halal kwana biyu kafin tafiya.

Babbar damuwata ita ce fulakonka. Kai da ba ka iya tauna a gaban suruki, yaya za ka yi a tsakiyar ɗaruruwan mutane? Na san za a miƙo maka tire ka ce ka ƙoshi, alhali cikinka na kiran ciroma. Ci abinka, Jauro, babu surukinka a sararin samaniya.

Shanun kuma turo min su in riƙe maka amana. Ai dukiyar bawa ta ubangidansa ce.