Masu Zuwa Sujada, Kowa da Muradinsa

Duk wanda ya daɗe yana zama a bencin baya na majami'a, kamar yadda na shafe shekaru ina yi a tamu da ke kusa da unguwar Ajiya a Jimeta, zai tabbatar cewa jama'ar nan da ke amsa "Amin" da murya ɗaya ran Lahadi ba abu ɗaya ya fito da su daga gida ba, kuma faston da aka ɗora wa alhakin ƙosar da su duka cikin sa'a biyu ya cancanci a tausaya masa.

Na farkonsu shi ne dattijo mai tsohon Littafin Waƙoƙi, wanda bangonsa ya rabu da shi tun ana kiran jihar nan Gongola. Kakansa, in ji shi, ya ga ɗan mishan Dokta Bronnum ido da ido sa'ad da ya sauka Numan a 1913, ko kuwa, in ɗan ikilisiyar EYN ne, yana cikin waɗanda suka zauna gindin tsamiyar Garkida a 1923. Saboda haka isnadinsa ya inganta, fatawarsa kuma ba ta karɓar jayayya. A mazhabarsa jita bidi'a ce, tafi makaruhi ne, muradinsa kawai a rera waƙa baiti-baiti ba a tsallake ko ɗaya, a kuma karanta nassi da Hausar fassarar 1932, wadda yake ganin duk wadda ta biyo bayanta ruwa aka ƙara mata. Kishiyarsa yana can gaba riƙe da sandunan ganga, saurayi ne da ya yi imani cewa addu'ar da lasifika ba ta kai ta gaɓar Binuwai ba, ba ta bar ɗakin ba tukuna.

Sai Mama ta Zumuntar Mata, da zanen ƙungiya da ɗankwali an kafe shi kamar rawani. Wa'azi a wurinta nafila ne, farillar ita ce sanarwa: wa ya haihu, wa ke kwance a asibiti, gidan wa za a je gaisuwa ran Talata. Ba na yi mata dariya sosai, domin sa'ad da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya a 2014, jama'a suka kwararo Yola har harabar babban cocin St. Theresa ta cika, irinta ne suka san wanda ya kwana bai ci ba, suka ɗora tukwane tun kwamiti bai zauna ba. Aibinta ɗaya, ta san shekarun kowace budurwa, tana kuma tuna mata.

Akwai mai farautar mu'ujiza, wanda ya zaga ikilisiyoyi bakwai cikin shekara uku, yana auna kowane fasto da saurin biyan bukata yadda ake auna tela ana gobe Kirsimeti. Akwai tuzuru mai sujadar Hausa da ta Turanci a rana ɗaya, ba don ya fahimci Turancin ba, sai don an ce masa malaman asibiti a can suke zama. Ɗan takara kuwa ba a ganinsa sai zaɓe ya gabato, ya zo a makare domin a waiwaya, ya jinkirta a gaban kwanon baiko har hannunsa na hagu da na maƙwabtansa su shaida abin da na dama ya yi.

Na ƙarshe bawan Allah ne mai sauƙin bukata. Ba ya jayayya kan jita, ba ya neman mata. Shi dai a cikin zafin Afrilu ya sami gurbi daidai ƙarƙashin fanka, kada a ɗauke wuta, kada kuma Baba Fasto ya ce "a ƙarshe" sau uku. Idan ya sunkuyar da kai, masu kyautata zato suna cewa tafakkuri yake yi. Makon jiya wani yaro ɗan Birged ya taɓa kafaɗarsa da ladabi ya ce, "Baba, an tashi, za mu share wurin," na buɗe ido na tarar takalmina ɗaya ya shige ƙarƙashin bencin gaba.