Takarar Sandar Goge Daɓe

A Wikipedia ta Turanci, duk wanda ya ce yana son zama mai gudanarwa ta hanyar da aka saba, to ya shirya wa kwana 7 na tankaɗe da rairaya a bainar jama'a. Albashi babu, ko kuɗin data ba a bayarwa. Alamar muƙamin ma sandar goge daɓe ce.

Dole ɗan takara ya faɗi ko an taɓa biyansa ya yi rubutu. Sauran tonon kuwa masu zaɓe sun ɗauke masa, don duk gyaran da ya taɓa yi yana ajiye. Wani bawan Allah zai hana idonsa barci ya zaƙulo ranar da ka ce wa wani "ba ka da hankali" shekara goma baya. Zai fara da yabon ƙoƙarinka, ya kwance maka zani a kasuwa cikin ladabi, kai kuma ka ce ka gode da gyara. Ka kuskura ka harzuƙa, an samu sabuwar hujja. Goyon baya ya gaza kashi 65 cikin 100, sai haƙuri.

A 2024 aka gwada ƙuri'ar sirri. Nan kam ana kayar da mutum ba ko sallama.