Motar da Ke Kwana a Turke

Winnipeg, Kanada
Tsakiyar Janairu

Zuwa ga taubashina kuma bawana, sarkin makanikan Ƙofar Ruwa,

Na san halinka, ba za ka karanta takardar nan kai kaɗai ba, sai ka kai ta tsakar gida gaban Inna bayan la'asar. To ka ɗaga murya, kuma kada ka kuskura ka tsallake wuraren da na taɓa ka, don Auta zai faɗa mini.

Labarai a gurguje: lafiyata ƙalau, an mayar da ni aikin safe a gidan kula da tsofaffin, maganar fili mun gama ta a waya, saƙon Gwaggo yana hanya, na ci jarrabawar tuƙi, na karɓi lasisi, na sayi mota. Eh, mota! Ka tuna ranar da ka rantse gaban mutane cewa ko amalanke ba za ka ba ni in tura ba? To ka fara shirin kaffara. Corolla ce ta hannu, ruwan toka, mai canja giya da kanta, kuma da gumina na saya.

Yanzu ajiye sifana ka gyara zama, don abin da zan faɗa maka duk shekarun da ka yi kwance a ƙarƙashin motocin mutane ba ka taɓa jin sa ba. A garin nan ɗaure mota ake yi. Wallahi ɗaure ta ake yi a turke da daddare, kamar yadda Kawu yake ɗaure akuyoyinsa.

Kusan kowace mota a nan tana da 'yar guntuwar waya mai fulogi da ke leƙowa daga hancinta, ƙarƙashin bonet. A wurin ajiye motoci na gidanmu, da na wuraren aiki da yawa, an jera turaku, tsayinsu bai wuce ƙugu ba, kowanne da soket a jikinsa. Da yamma mutum zai dawo daga aiki, ya fito cikin rigar sanyi da ta rufe shi har ido, ya ciro doguwar waya daga but, ya soka baki ɗaya a hancin mota, ɗayan a turke, ya ɗan ja ya tabbatar ta kama, sannan ya shige gida. In ka leƙa ta tagata da daddare garke guda za ka gani, kowacce kai a sunkuye gaban turkenta, ƙanƙara ta lulluɓe mata baya. Abin da ya rage kawai a zuba musu dusa.

Na ji ka tun daga nan: "Ai motar lantarki ce, caji ake yi." Ka faɗi, malam makanike. Fetur take sha irin na motocin da kake ɓatawa, kuma wayar nan ba ruwanta da batir. Wani ɗan ƙarfe ne mai ɗaukar zafi aka dasa a jikin injin, yana ɗumama ruwan da ke zagaya shi. Dalili kuwa sanyi ne. Winnipeg tana tsakiyar Kanada, a lardin Manitoba, shimfiɗaɗɗen fili babu tudun da zai tare iskar arewa. Digiri 30 ƙasa da sifili a Janairu ba abin ba da labari ba ne, kuma a ƙarshen 2013 har jaridu suka buga cewa garin ya fi duniyar Mars sanyi. Kai da kake saka hula biyu da safa, ka rungume kaskon mai shayi in hunturun Kano ya kai digiri 12, Allah Ya san abin da Ya sa bai kawo ka nan ba. A irin wannan sanyin baƙin mai yana yin kauri ya ƙi gudana, batir kuma ƙarfinsa ya ragu sosai daidai lokacin da injin ya fi nauyin juyawa. Motar da ta kwana a sake, da safe ka murɗa makulli ta yi nishi sau biyu ta yi shiru. Wadda ta kwana a turke kuwa tashi ɗaya.

Wani injiniyan lantarki, Andrew Freeman, shi ya ƙirƙiro dabarar a Grand Forks ta jihar North Dakota, kudu da mu a bakin wannan Kogin Red ɗin da ya ratsa garinmu, ya yi mata rajista a 1949. Kafin shi garwashi mutane suke turawa ƙarƙashin injin, wasu kuma su juye baƙin mai su kwana da shi a ɗaki. Na san da a zamanin ka zo, da kai ne shugaban ƙungiyar masu garwashi, da rasit da hatimi.

Turke fa yana da ladubbansa. Nawa lamba gare shi, kuɗinsa yana cikin kuɗin haya, kuma ɗaure motarka a turken wani ya fi shiga gonarsa laifi. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da kakanninta suka zo daga Yukren, ita ta koya mini sirrinsa. Ta ce awa 3 zuwa 4 kafin fita ya isa, ba sai motar ta kwana tana shan wuta ba, shi ya sa masu turke a gidansu suke saka ɗan agogon da zai kunna shi cikin dare. Ta ce in riƙa duba wayar, in ta tsage ko bakinta ya yi tsatsa in canja, don tana haddasa gobara. Sannan ta kama wayar ta rataya mini a madubin gefen direba, yadda ba zan buɗe ƙofa ba sai na gan ta. Amfanin haka a titi na gane shi. Da safe a kan Portage, babban titin garin, sai ka ga mota ta tsinke turke ta taho, igiya tana jan ƙasa a bayanta, mai ita ya haɗe rai cikin kwat yana sauri ofis, mutanen gefe suna nuna masa hancin motarsa yana ɗaga musu hannu yana zaton gaisuwa ce.

Na zauna na yi lissafi, da Hausawa ne suka kafa garin nan da tuni turke ya shiga gaisuwa. "Ina kwana? Ya sanyi? Ta tashi?" "Ta tashi, alhamdu lillahi." "Madalla, Allah Ya ƙara wa turke albarka." Baƙo in ya yi sallama, kafin a kawo ruwa sai a tura yaro ya ɗaure masa mota. Mai neman aure, waliyyi ba zai tambayi asalinsa ba sai ya ji turke nawa ne a ƙofar gidansu. Lefe kuwa akwati na farko wayoyi ne zalla, 'yan'uwan amarya su warware su auna tsayi, wata gwaggo ta taɓe baki ta ce ta 'yar gidan wane ta fi wannan kauri. Kai kuma da ka buɗe rumfa: ana gyaran turke, ana ba da haya, ana sayar da na hannu. Abu ɗaya ne zai rusa mana tsari, wato ɗauke wuta. A nan kusan duk lantarkin daga madatsun ruwa yake zuwa, manyan suna can arewa kan Kogin Nelson, kuma da wuya ya ƙifta. Da irin na unguwarmu ne, da gari guda ya tafi aiki a ƙafa.

Bari in nuna maka safiyata. Ina fita duhu ne sosai, don a wannan watan sai bayan ƙarfe 8 rana take leƙowa. Numfashina yana daskarewa a gashin ido kafin in kai wurin mota. In kwance ta, in naɗe wayar da ta sandare ta ƙi lanƙwasa, in zagaya baya in duba bakin salansa ko ƙanƙara ta toshe shi, sannan in tayar. Tana ɗumi ina share ta da buroshi mai dogon hannu, har rufin sama, don abin da ka bari a can shi zai zubo maka kan gilashi in ka taka birki, ko ya tashi ya rufe idon na bayanka. Ƙanƙarar da ta manne a gilashi kuma da abin kankara na roba ake cire ta, ƙarar kankarar nan ita ce kukan zakaran unguwar. Injin zamani ba ya buƙatar doguwar jira. Da gilashi ya washe sai a kama hanya a hankali, ba a taka totur da ƙarfi, a tafe take ƙarasa ɗumi. Tayoyin ma wurin da suka kwana a kai ya baje ya sandare, sai ka ji dum, dum, dum har ku ɗan yi nisa kafin su koma da'ira.

A 'yan mintocin nan na jira nake kunna saƙonnin muryarku. Na Inna na ranar Juma'a na haddace shi, har inda akuya ta katse ta.

Duk ilimin da kake taƙama da shi, taubashi, a nan sai a kama ka da shi. Ruwan rijiyar da kake ɗura wa lagireto daskarewa zai yi cikin dare, ya kumbura ya fasa injin. Ruwan maganin daskarewa ake haɗawa rabi da rabi, yana jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, na wanke gilashi ma nasa daban ne, an rubuta 40 a jikin jarkar. Butar ruwan zafin da na san za ka ɗauko ka watsa wa gilashi, nan take zai tsage. Babbar fasaharka kuma ta "yara ku zo a tura, saka ta a giya biyu" ba ta aiki a mota irin tawa, kuma ko tana yi, ina yaran? Titi fayau, kowa yana bayan ƙofa biyu. Wannan shirun ya dame ni fiye da sanyin.

Amma in batir ya mutu akwai wayoyin haɗi, kuma mutanen nan, duk rashin maganarsu, ba sa wuce mai buɗaɗɗen bonet. Ranar wata Juma'a a babban masallacin da ke titin Waverley, motar wani dattijo ɗan Somaliya ta ƙi tashi, ya yi ta murɗa makulli. Na ce Baba a dakata, in an wuce daƙiƙa 10 ana murɗawa sai a huta mata. Na duba batirin bai kumbura ba, don wanda ya daskare ba a haɗa shi, yana iya fashewa. Na matso da tawa. Jar waya a kan alamar tarawa ta nasa, ɗaya bakin a tawa, baƙar waya a alamar ɗebewa ta tawa, bakin ƙarshe a jikin ƙarfen injinsa nesa da batir. Ya murɗa, ta tashi. Ya yi ta sa mini albarka, maza sun tsaya suna kallo. Wallahi kai na fara tunawa, na ce ina ma bawan nan nawa yana nan ya gani da idonsa.

Tuƙin kansa sai da natsuwa. Na saka tayoyin hunturu masu tambarin dutse da ƙanƙara, don robar taya ta yau da kullum tana taurara tun daga digiri 7. A Kebek doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a nan ba dole ba ne, amma raina ya fi kuɗin taya. Abin tsoro shi ne siririyar ƙanƙarar da ba a gani, kwalta ta yi baƙi kana zaton jiƙa ce kawai. Gadoji ne suke fara daskarewa, ga shi garin manyan koguna biyu gare shi, Red da Assiniboine. In sanyi ya tsananta gishiri ba ya narkar da komai, sai su watsa yashi. Tazara ake bari mai yawa, birki tun daga nesa, sitiyari a tausashe. In ta kama dole ka taka birki da ƙarfi, za ka ji yana karkarwa ƙarƙashin ƙafarka, kada ka ɗaga, aikinsa yake yi. In bayanta ya zame, ka kalli inda kake son zuwa ka juya can a hankali. Salon nan naka na hanyar Zariya, hannu ɗaya a ham ɗaya a waje kana gaisawa da masu rake, ba zai kai ka kwanar farko ba.

Tankina ba ya sauka ƙasa da rabi. A but akwai bargo, shebur, tocila, kyandir da ashana, da ledar dabino. Ƙa'idar ita ce in guguwar ƙanƙara ta tsare ka a bayan gari, kada ka fita neman taimako a ƙafa, ka zauna cikin mota, ka riƙa tayar da ita jefi-jefi, taga a ɗan buɗe, bakin salansa a share.

Nan ka rage murya ka karanta wa Inna a tsanake, don ba wasa a ciki. Hayaƙin injin yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai ya ji ciwon kai da barci, shi ke nan. Saboda ita ba a barin mota a kunne cikin rufaffen gareji. Ita ce dai a hayaƙin janareta, ita ce a kaskon gawayi. Na san hunturu ya shigo muku, na kuma san Inna da shigar da kasko ɗaki ta ja ƙofa. Don Allah a daina. Janaretan nan na soro ma a fitar da shi fili, nesa da tagar yara. Na ɗora maka wannan amanar, kuma zan tambayi Auta.

Saura roƙo ɗaya. Akwai wani ƙara, tsiii, da take yi daga gaba in an tayar da ita da sanyin safiya, in ta yi ɗumi ya ɗauke. Ina zargin bel ne. A nan ganin makanike sai an ba ka rana, kuma da awa suke lissafin kuɗi. Na ɗauki ƙaran a waya, zan turo maka yau da daddare. Ka saurara da kunnen nan naka da ke gane ciwon mota tun daga bakin titi, ka faɗa mini ko ɗaurewa yake so ko canji. Kuɗin aikinka ka rubuta a bashin goron Sallah da nake bin ka.

A gaishe da Inna da kyau, a ce ina cin abinci. A gaishe da Kawu da Gwaggo da Yaya da yara baki ɗaya. In an sami mai tahowa, kuka da daddawa da yajin Inna, na tafarnuwar.

Uwargijiyarka,
Taubashiyarka ta Winnipeg