Yadda Bazazzagi Zai Bi Kano Pillars Kaka Guda Ba Tare Da Hawan Jini Ba

Da farko ka san inda Allah ya ajiye ka. Dogarawa a bakin titin Kano take, motar da ta taso daga Kano za ta Kaduna ta gabanka take giftawa kafin ta kai Kwangila. Filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ce daga nan, na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano kuma kamar ninkin haka. Wanda yake zaune tsakanin manyan filaye biyu irin waɗannan ba shi da hujjar cewa bai taɓa ganin ƙwallo ba sai a bangon gidan kallo, inda yake biyan kuɗi ya yi gumi a kan benci saboda Arsenal da ba ta san da zamansa ba. Ka ci gaba da son Arsenal ɗinka, babu mai hana ka. Amma bana ka ƙara da ƙungiyar da idan ka yi mata ihu za ta ji ka.

Ka bayyana matsayinka a majalisa tun kafin a fara kaka, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya shigo bayan an ci wasa biyar a jere kowa ya san abin da ya kawo shi. Za a taso ka a gaba, wannan babu makawa. Bazazzagi guda yana cewa "Sai Masu Gida", kirarin Pillars, alhali tsakaninmu da Kanawa wasa ne tun kaka da kakanni? Amsar mai sauƙi ce. Ka ce ka je duba yaranka ne, kuma babba ba ya barin na ƙasa da shi su fita fage babu mai sa musu ido. Bakano ya ji wannan zai rama, ya ce ai dama bara ba ya rabuwa da ƙofar ubangidansa, ku yi dariya, ya saya maka rake. Idan wani ya ce me ya hana ka bin ta jiharka, ka yarda da shi nan take: Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, Ranchers Bees kuma ita ta fito da Daniel Amokachi. Ranar da suke wasa ka je. Zuciya tana da fili.

Sai haddar shekaru. A teburin mai shayi, wanda ya fi riƙe shekara shi ke da gaskiya, ko da muryarsa ba ta kai ta sauran ba. An kafa Pillars a 1990. Ta ci gasar ƙasa sau huɗu: 2008, sannan 2012 da 2013 da 2014 a jere. Waɗannan ka riƙa bitar su kafin barci. Babban makaminka kuwa shi ne 2009, shekarar da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, aka tashi 1-1 a Kano, aka je Alƙahira aka yi 2-2. Kada ka fito da shi kullum, sai an matsa maka ƙwarai. Kuma da zarar ka faɗa, ka miƙe ka ce za ka sallah, domin akwai wanda zai tuna cewa Heartland ta Owerri ce ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe, kuma ba da ƙwallo ɗaya ba.

Kakar wasa doguwa ce. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, rabi a gida rabi a waje, kuma a gasarmu mai gida ne ya fi yin dariya. Saboda haka ka raba zuciyarka gida biyu. Ranar wasan gida ka sa rai da maki uku. Ranar da aka tafi Aba ko Enugu ko Fatakwal, ka roƙi Allah canjaras, idan an samu ka yi sadaka. Yaran nan a mota suke yin wannan tafiya, wani lokaci yini da kwana, su sauka ƙafa a kumbure su shiga fili. Kafin ka kira wani ɗan wasa rago, ka tuna yadda kake komawa idan ka je Legas a motar haya.

Yanzu ga dokar da ta fi kowace muhimmanci: kada ka yi murna kafin alƙalin wasa ya busa tashi. A Oktoban 2018, a filin Stephen Keshi da ke Asaba, Pillars ta zura wa Enugu Rangers uku babu ko ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Aiteo. Saura kamar minti goma sha biyar a tashi, har lokacin uku da nema ne. Masu babura sun fara ɗumama inji don zagaye gari, wasu sun fara kiran abokan adawa a waya. Rangers ta farke ɗaya, ta farke biyu, ta cike ta uku ana dab da tashi, sannan ta ɗauke kofin a bugun fenareti. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Idan Pillars tana gaba da uku, ka zauna, ka kife wayarka, ka riƙa salati. Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. A Amurka, a ƙwallonsu da ake runguma a gudu da ita, Atlanta Falcons ta kai 28 da 3 a wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2017, New England Patriots ta biyo ta ta cinye 34 da 28. Can ma akwai waɗanda suka yi saurin kiran waya.

Idan kana son ka ga yadda kaka guda take ɗaga mutum ta sauke shi ta sake ɗaga shi, ka dubi 2019. A shekarar an gajarta gasar, aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu, shida da suka yi fice suka haɗu a filin Agege da ke Legas a watan Yuni don fitar da zakara. Pillars tana ciki, kuma tana taka leda mai kyau. A wasanta da Rangers aka tashi 1-1, rai ya ɓaci da alƙalin wasa, magoya baya suka afka fili. Aka ci ƙungiyar tara, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele. Enyimba ta ɗauki gasar da ratar maki ɗaya tak. Bayan 'yan makonni, ranar 28 ga Yuli, sai ga Pillars a Kaduna, nan kusa da mu, tana karawa da Niger Tornadoes a wasan ƙarshe na kofin Aiteo. Aka tashi babu ci, aka je fenareti, ta ci 4 da 3. Kofin da ya suɓuce a Asaba ya zo hannu a karon farko a tarihinta, kuma hanyar komawa Kano ta Dogarawa ta bi. Wanda ya yi fushi ya kashe rediyo a watan Yuni, shi ya san abin da ya rasa a Yuli.

A nan zan ajiye raha kaɗan. Ɗan'uwa, idan ka je fili, dutse ba naka ba ne, katangar waya ba matakala ba ce, alƙalin wasa kuma ɗan wani ne, yana da iyali suna jiran ya dawo. Duk jifa ɗaya ƙungiyar ce ke biya, da kuɗi da maki da kora daga filinta. A kakar 2022 an zaftare wa Pillars maki saboda tarzoma, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Zakara sau huɗu, sai da ta shekara tana neman hanyar dawowa, ta dawo a 2023. Ihu halal ne, ganga halal ce, ka yi har muryarka ta dushe. Hannunka dai ya tsaya a aljihu, inda dama ya kamata ya kasance don tsaron wayarka.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka nemi izinin uwargida tun ranar Alhamis, kuma ka dawo da tsaraba, ko gurasa ce. Ka fita Kwangila da wuri, ka sa takalmin da ba ya fita. Ka sayi tikiti da kuɗinka, ka bar neman wanda zai shigar da kai ta bayan fage, tunda a gidan kallo ba ka taɓa cewa a yafe maka ba.

Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a wannan riga a kakar 2010 kafin ya tafi Turai, ya je ya zura biyu a ragar Ajantina a gasar duniya ta 2014, ya ƙara biyu a ragar Iceland a 2018, sannan ya dawo ya sake saka ta. Waɗanda suka gan shi yana yaro a Ƙofar Mata har yau da wannan suke cin bakin majalisa. Akwai wani yaron irinsa da ke gudu a filin a wannan kakar. Ka duba jadawali, ka ɗauki ɗanka ko ƙanenka, ku hau mota ku je ku gan shi da idonku.