Gwanayen Ƙwallon Yashi a Garin da Babu Teku

Da zarar an rufe Firimiya da Laliga a ƙarshen watan Mayu, an kuma ɗaga kofin Zakarun Turai, gidajen kallon ƙwallo na arewacin Togo kan koma kamar gidan da aka gama biki. Benci ba kowa, mai shayi sai hamma, mai gidan kallo kuwa sai lissafin kuɗin wuta da na haya. A Sokode da Dapaong wasu kan koma wa finafinan Indiya da na Kano har kaka ta dawo. A Kambole kuwa, can bayan Camba dab da iyakar Benin, wani mai gidan kallo da ba ya iya ganin talabijin a kashe ya samo dabara. Ya jona wayarsa da akwatin, ya kamo gasar ƙwallon yashi ta ƙasashen Turai, wadda ake bugawa tun 1998, kuma lokacinta kan faɗo daidai da daminarmu. Kuɗin shiga dala ashirin, yara rabi.

Teku dai yana Lome, kilomita wajen 340 daga Sokode, kuma mutumin Kambole sai ya ratsa Camba kafin ma ya ga Sokoden. Wannan bai hana garin samun gwanayen wasan bakin teku cikin mako biyu ba. Mai wannan rubutu ya yi damina biyu yana zama a bencin baya, kusa da inda kwano ke yoyo, kuma ya sha hannunsu ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi saurin bayyana shi ne mai neman satar gida. Da an jefa wa ɗan gaba ƙwallo sai ya miƙe tsaye, hannu a sama, yana zagin alƙalin wasa. An gaya masa sau goma cewa babu satar gida a yashi. An gaya masa ba a yin katanga a bugun tazara, kuma wanda aka yi wa ƙeta shi ne zai buga da kansa. Ya ji, ya gyaɗa kai, ya zauna. Bayan minti uku ya sake miƙewa. Idan aka tafi hutu na biyu sai ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa, don a saninsa hutu ɗaya ne a ƙwallo, sai an riƙo rigarsa an tuna masa cewa zubi uku ake yi, kowane minti 12.

Kusa da shi akwai Baba mai tausayi, wanda jikansa ya jawo shi. Shi abin da ya dame shi ƙafafun 'yan wasan ne. Turawa manya, da gemu, da tutar ƙasarsu a ƙirji, amma ba ko silifas. Yakan girgiza kai ya ce, "Allah Sarki, ashe matsin nan har can ya kai." Duk bayanin da jikan zai yi cewa doka ce ta hana sa takalmi, Baba sai ya ce, "Kai yaro ne. Wanda ba shi da abu, ai doka yake kafawa."

Sai kuma sarkinsu duka, wanda 'yan gidan kallo suka laƙaba wa Ya-ga-teku. Shekarun baya ya taɓa raka maigidansa Lome fito da mota daga tashar jiragen ruwa. Kwana uku suka yi. A rana ta uku ya sauka bakin ruwa, ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, aka ɗauke shi hoto yana kallon nesa kamar mai jiran jirginsa. Hoton nan yana nan a fuskar wayarsa, ya sauya waya uku amma hoton bai sauya ba. Tun ranar da aka fara nuna ƙwallon yashi a Kambole, wannan kwana ukun ya zama digirinsa.

Ba ya ihu, ba ya zagi. Zama yake a bencin gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi magana a hankali kamar likita a gaban majinyaci. Idan ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo, sai ya ce iskar teku ce, ita da yamma daga ruwa take tasowa. Idan gola ya yi kuskure, gishiri ne ya shiga masa ido. Ya san bambancin yashin Nazare ta Fotugal da na Italiya ta kallo kawai: wannan mai laushi ne, wancan yana cin tafin ƙafa. Ya taɓa bayyana wa jama'a cewa shan kashin da wata ƙasa ta yi laifin igiyar ruwa ne, wai ƙarar ta hana 'yan baya jin muryar golansu. Idan wani ya yi ƙarfin halin musu, ba ya ɗaga murya. Juyowa yake a hankali, ya dubi mutum daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Ɗan'uwa, ka taɓa ganin teku?" Nan magana take mutuwa. A gefe kuma akwai wani Alhaji ɗan Dapaong mai sayen goro, wanda ya yi shekara goma yana zaune a Lome, bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya tauna goronsa yana murmushi.

Ranar da aka zaci asirinsa ya tonu ita ce ranar da aka nuna wani zagaye daga Kishinau, babban birnin Moldoba. Ya-ga-teku ya dubi yadda tutoci ke kaɗawa, ya sanar cewa ruwa ya kusa cikowa, saboda haka a sa ido, zubi na uku zai yi wuya. Wani ɗan makarantar sakandare ya latsa wayarsa, ya ɗaga hannu cikin ladabi, ya ce, "Kawu, an ce Moldoba ba ta da bakin teku. Filin a cikin lambun shaƙatawa yake, yashin ma kawo shi aka yi." Gidan kallo ya yi tsit. Yaron ya ƙara da cewa Suwizalan ma ba ta da teku, ga shi ta ci wannan gasa a 2012 da 2022, har ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a Dubai a 2009. Belarus ita ma haka, kuma ita ce ta kara da Brazil a wasan ƙarshe na 2025 a tsibiran Seshel. Ya-ga-teku ya gyara zama, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Yaro, karatu daban, sani daban. Teku ta ƙarƙashin ƙasa yake bi." Aka ci gaba da kallo. Washegari ya dawo bencinsa na gaba, ba abin da ya ragu a martabarsa.

Direban tifa shi ba ƙwallon yake kallo ba. Tun da ya ji cewa filin kan kai mita 35 zuwa 37 a tsawo, 26 zuwa 28 a faɗi, kuma zurfin yashin ba ya gaza santimita 40, hankalinsa ya bar wasan. Ya buga lissafi a bayan kwalin sigari ya samu tifa kusan arba'in, kuma yashi tankaɗaɗɗe, ba tsakuwa ko ɗaya. Duk lokacin da ɗan wasa ya tashi sama ya yi alkafura ya doka ƙwallo ta baya, jama'a na ihu, shi tsaki yake yi saboda yashin da aka watsar waje. "Wannan," in ji shi, "da bulo ɗari biyu ne."

Akwai mai neman Ronaldo. Ya ga an rubuta Fotugal, ya biya dalarsa ashirin, ya zauna yana leƙen benci ko za a sako shi. Aka ce masa wannan tawaga daban ce, kuma gwarzon lamba bakwai na yashi shi ne Madjer, haifaffen Luwanda ta Angola, wanda ya samo laƙabinsa daga Rabah Madjer na Aljeriya, kuma ya riga ya yi ritaya. Bai gamsu ba. Abin da ya riƙe shi a gidan kallon shi ne tagwayen nan, Be Martins da Leo Martins, waɗanda ya raɗa wa Hasan da Husaini, kuma har yau ya rantse mutum ɗaya ne ake sauya wa riga don a cuci abokan hamayya.

Ɗan bi yarima a sha kiɗa kuwa wannan wasa ya wahalar da shi. A ƙwallon ciyawa yakan jira a ci ɗaya ya san inda zai karkata, ya huta. A yashi ana iya zura ƙwallo takwas ko goma a wasa guda, kuma babu canjaras, sai an je ƙarin minti uku, in ta ƙi a je fenariti. Kafin a tashi ya zama ɗan Sifen, ya koma ɗan Italiya, ya sake dawowa, har makogwaronsa ya dushe, kuma ya fita yana cewa tun farko ya san wanda zai ci.

Tsohon ɗan wasa shi ma ba a rasa shi. Da ba don gwiwa ba, da ƙungiyar Semassi ta Sokode ta ɗauke shi. A faɗarsa tare suka taso da Mohamed Kader, ɗan Sokoden da ya ci wa Togo ƙwallonta tilo a kofin duniya na 2006, a ragar Koriya ta Kudu, kuma irin bugun nan shi ya nuna masa. Ƙwallon yashi kuwa, a wurinsa, sata ce Turawa suka yi, domin su tun suna yara suke buga ta ba takalmi a gindin rafi da rani. A nan yana da 'yar gaskiya, kuma jama'a kan mara masa baya idan aka tuno yadda Senegal ta fitar da Brazil a Mosko a 2021. Matsalar ta zo ne ranar da yara suka ce ya gwada musu bugun alkafura a kan tulin yashin wani magini. Ya tashi sama lafiya. Mako biyu ya yi yana zuwa wurin mai ɗori, kuma yanzu gwiwa biyu ce ta hana Semassi ɗaukarsa.

Duk waɗannan ana zama da su, har in ɗayansu bai zo ba a tambaya ko lafiya. Wanda ba a kewarsa shi ne ɗan caca. Shi bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, bai damu da wa ya iya ba, bai taɓa tafa wa bugu mai kyau ba. Idonsa na kan waya, inda sakamako ke riga hoton talabijin isowa, tunda intanet ɗin damina rarrafe take. Ana tsakiyar kallo, ɗan wasa bai ma ɗaga ƙwallon daga yashi ba, sai a ji shi ya buga benci ya ce an ci. Mutum hamsin da suka biya kuɗinsu ya kashe musu daɗin abin a banza. Wannan ma mai sauƙi ne. Shi ne mai cin bashin jaka biyu a hannun mai shayi da sunan maganin uwarsa. Shi ne mai aiken yaro ɗan shekara goma ya sa masa kuɗi a waya, yaron ya dawo ya tsaya a bayansa yana koyon yadda ake yi. Ranar da wata ƙasa da bai iya nuna ta a taswira ba ta ɓarar da fenariti, ya kai wa yaron mari don ya yi dariya. A ranar ce kaɗai aka ji muryar Alhajin Dapaong. Ya tofar da goro ya ce, "Kai, tashi ka fita. In ka sake taɓa ɗan mutane, ni da kai ne." Ya fita, amma bayan kwana huɗu ya dawo, kuma yaran da ke zagaye da wayarsa sun zama uku.

Saura mutum ɗaya a bencin baya, mai ɗan littafi da biro, wanda ya shaida wa mai gidan kallo cewa bincike yake yi don mujalla, saboda haka bai kamata a karɓi dala ashirin a hannunsa ba. Yana rubuta kurakuran kowa yana murmushi. Ba ya son a tuna cewa a ranar farko shi ne ya riga kowa miƙewa yana ihun satar gida, ko kuma cewa a littafin bashin mai shayi shafinsa ya fi na ɗan caca tsawo.

A tsakiyar Agusta Firimiya kan dawo, kuma a daren farko gwanayen yashi kan watse kamar ba a yi ba. Zagayen ƙarshe na gasar kuwa sai a Satumba ake yinsa, saboda haka gidan kallon Kambole bai taɓa ganin an ɗaga wannan kofi ba. A 2024, da Fotugal, wadda ta fi kowace ƙasa cin gasar, ta sake ɗauka a Algero ta tsibirin Sardiniya, mutum biyu ne suka kalla, a kan waya, a bakin teburin mai shayi, yayin da ihun magoya bayan Arsenal da Chelsea ke tashi daga ciki. Can sai kyamara ta juya ta nuno ruwa shuɗi shimfiɗe har iyakar gani. Ya-ga-teku ya dafa kafaɗar mai littafin, ya ce, "Malam, ka gani? Ga shi nan. Haka yake sak." Mai littafin, wanda iyakarsa kudu Atakpame, ya matso da wayar kusa da fuskarsa ya ce a ɗan mayar da hoton baya.