Zuwa ga Bazazzagi, Mai Marsandin Shagari

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Bayan haka, labari ya iso mana Kano cewa ka sake baje baki a majalisarku ta Tudun Wada, wai Sienna ɗin da nake hawa motar haya ce, wai ko gidan suruki na nufa sai 'yan kamasho sun tare ni suna neman kujerar mutum ɗaya zuwa Abuja. To madalla. Tunda tonon silili kake so, gyara zama.

Ba zan ci haƙƙin Marsandinka ba, ta yi zamani. A 1979 Jamusawa suka fito da ita a bajekolin motoci na Frankfurt, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki, har sunansa ya bi ta, kuma sai 1991 aka daina ƙera ta. Tun 1981 mai kuɗi yana iya sayenta da jakar iskan nan da ke tare ƙirjin direba in an yi karo, lokacin da yawancin motoci ba su san da ita ba. Ƙofarta kuwa in aka rufe, ƙarar kaɗai ta isa mai gadi ya miƙe tsaye.

Sai dai an yi ta ne don mutumin da ke harɗe a baya yana duba jarida, direba na ja. Kai fa? Kai ne direban, kai ne yaron bakanike, in ta mutu a Kwanar Ɗangora kuma kai ne shugaban masu turi, da babbar rigarka da komai.

Mu zo kan mai. Injinta mai tukunya takwas ne, lita biyar cur, an zana shi a zamanin da litar fetur a ƙasar nan ba ta wuce kwabo 20 ba. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, an ce a galan kake sayen mai wajen 'yan bumburutu, ka zuba, ka leƙa allura, ita kuma ta kau da kai kamar an gaida sarauniya da goro ɓari guda. Kuma duk wannan shan ba ƙarfi ya ba ta ba. Ranar da ta fito fil daga masana'anta, ƙarfinta bai wuce na doki 240 ba. Sienna ta 2011 da kake rainawa, mai tukunya shida, doki 266 gare ta. Naka dawakan kuma sun shekara arba'in suna aiki, Allah kaɗai ya san nawa suka rage a turke.

Makullan ƙofofinta da zuƙar iska suke aiki, ta cikin 'yan siraran tiyo da zafin Zariya ya gama gasawa. Shi ya sa in ka murɗa mukulli ƙofa ɗaya ta kulle, uku su tsaya kallo. Yaran gareji na yanzu su zo da kwamfutarsu su rasa inda za su soka ta, sai an aika a taso dattijon da ya san kanta, shi ma ya ce sai an je Ƙofar Ruwa neman kaya. Ka ga ke nan ko motar taka ta san inda arziki yake, kullum hanyar Kano take nuna maka.

Tawa 'yar Kwatano ce, ban musa ba. A jihar Indiana ta Amurka aka haife ta, wani ya more ƙuruciyarta kafin ta iso hannuna, roba ta yi mata yawa, kuma ba mai ajiye ta shekara arba'in yana goge ta da hannun riga. Amma ranar biki ina zuge ƙofa mutum takwas su shige, uwargida da yara da gwaggo, ga kuloli ga buhun shinkafa a baya, sanyi na busa kowa. Kai kuwa ka hana yara hawa don kada su zuba alawa a kujerar fata, Hajiya ta gaji da jiran a kunna, ta tari Keke Napep ta riga ka isa. Kana zuwa a buɗe maka babbar ƙofa ana ranka ya daɗe, ka fito kai kaɗai, gumi ya jiƙe hula, an riga an shafa fatiha.

Ga shawara, don zumunci. Ƙarfen Jamus ne na gaske, nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, kuma ina da mutane a cikin 'yan gwangwan da ke saye a kan kilo. Ka turo ta, in ta iya kawo kanta. La'adata kashi goma ce, kuɗin janwe kuma a wuyanka.